Kun gwada ɗana da jinin da ba na ubansa ba

Zuwa ga Mai Girma Daraktan ɗakin gwajin ƙwayar halitta (ADN) da ke Plateau, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni ce Rabi, matar marigayi Salisu direban taksi. Wata ce ke rubuta mini, don hannuna na dama yana ɗaure da karaya, kuma takardarku ce silar karayar.

Na farko. Ko takaba ban fita ba, ƙanin mijina Hamisu ya ɗauki ɗana Nura ya kawo muku, wai yana shakkar ubansa. Gidanmu na unguwar Bobiel yake so, kowa ya sani. Ma'aikacinku ya goga auduga a bakin Nura, ya goga a na Hamisu, ya tura waje. An bayyana mini cewa yaro rabinsa na uwa ne, rabi na uba, in uba ya rasu sai a gwada da ɗan'uwansa na jini. To, wa ya ce muku Hamisu na jini ne?

Na biyu. Salisu ɗan fari ne. Da aka yaye shi a Dogondutse, uwarsa ta ba aminiyarta riƙonsa saboda kunya, kamar yadda iyayenmu ke yi. Aminiyar ce ta haifi Hamisu daga baya. Ɗaki ɗaya suka tashi, amma ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba. Ranka ya daɗe, a ƙasar nan aka haife ka, ka san riƙo. Duk na'urorinku da farin gilashi, an rasa mai tambaya ɗaya a kan wannan.

Na uku. Ranar da sakamako ya fito, Hamisu ya tsaya a ƙofar gida ya karanta wa unguwa da ƙarfi. Ya finciko ni da gashi, ya zabge ni da wayar wuta, ya taka hannuna har na ji ƙarar ƙashin. Nura ya riƙe ƙafarsa, Hamisu ya yi jifa da shi jikin bango, goshinsa ya fashe. Maƙwabta suna tsaye, ba wanda ya raba, don likita ya ce shege ne. Maganar Hamisu tana kumsariya, hannun 'yan sanda. Ku kuma na tsane ku, ba zan ɓoye ba.

Abin da nake nema: uwar da ta haifi Salisu tana raye, na kawo ta Yantala wurin yayata. Ku gwada ta da Nura. In sakamako ya fito, kada a miƙo mini a ambulan. Kai da kanka za ka zo ƙofar gidanmu ka karanta, da murya irin ta Hamisu, domin yara sun daina kiran ɗana da sunansa.

Allah ya ƙara muku basira, ya kare 'ya'yanka daga sunan da ake kiran nawa.

Wassalam.
Rabi, uwar Nura ɗan Salisu.