Abin da Ban Taɓa Roƙa Ba

Litinin, 7 ga Fabrairu, 2000

Shagon gyaran injin niƙa a bakin tashar Ƙaura, ni na kafa. Ɗaki huɗu na bulo, ni na gina. Daga aji uku na sakandare na fita, ba uba ba kawu, yau har Zurmi ana aikowa a nemi Iliya Jatau. Ban taɓa roƙon kowa ba.

To yau ɗiyata Rifkatu ta ce ranar da za ta tafi makaranta Jos, ni take so in yi mata addu'a, ba mamarta ba. Na ce to. Sai da ta fita na tuna ban san yadda ake farawa ba. A coci, amin kawai nake cewa.

Alhamis, 10 ga Fabrairu

Shinkafi, gyaran inji. Muhtari mai kabu-kabu, wanda ke kai ni ƙauyuka shekara da shekaru, ya tsaya a hanya yin la'asar. Na tambaye shi ko Shari'ar nan da aka fara ce ta ƙara mashi himma. Ya yi dariya, wai tun kafin a yanke Zamfara yake tsayawa gindin wannan tsamiya, ni ne dai ban lura ba.

Mutum bai da agogo, kuma bai kuskurewa. Ta yaya?

Asabar, 12 ga Fabrairu

Na saka Littafi Mai Tsarki na matata Yalwa cikin jakar sifana. In Muhtari ya tsaya, in buɗe. Yalwa ta ga jakar, ta ce kada dai in shafa mashi baƙin mai.

Laraba, 16 ga Fabrairu

Na buɗe tsakiya, kamar yadda nake wa inji. Na faɗa kan sunaye zalla, wane ya haifi wane, shafi bayan shafi. Mutanen nan ba a ce sun gina komai ba. Me ya sa aka rubuta su?

Alhamis, 17 ga Fabrairu

Na manta.

Laraba, 23 ga Fabrairu

Labarin rikicin Kaduna ba daɗi, kuma ta can gefen hanyar Rifkatu zuwa Jos take. Yalwa ta nuna mani Zabura. Abin mamaki, sarki guda yana kuka yana roƙo, ba kunya. Yau na riga Muhtari sauka daga mashin. Ya ce, "Oga, kai ma la'asar ɗin ta kama ka?"

Na ce ƙafata ce ta yi tsami.

Litinin, 6 ga Maris

Rifkatu ta tafi. A tsakar gida ta durƙusa, na ɗora mata hannu. Duk abin da na tsara ya gudu. Na ji bakina yana cewa, "Ya Uba, ni ba zan iya tsare ta ba. Ina roƙonka." Shi ke nan. Yalwa ta daɗe ba ta ɗaga kai ba.

Ba aiki yau, amma da aka kira la'asar na ga Littafin a hannuna. Sabo ne kawai.

Na ce wa Yalwa a shafin farko, ƙarƙashin sunanta, akwai wuri. Na ce ta rubuta nawa da biro, ba fensir ba: Iliya Jatau. Kada ta ƙara komai.