Wurin da Nake Tsayawa

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ciwon gwiwarki.

Takarda na rubuto don a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Haka kike tun ranar da na je neman auren yayarki na tarar da ke kin tare ƙofa.

'Yarki ta zo shekaranjiya, ta kunna mini wani abu a wayarta. Kiɗan piyano ne, wannan dai da marigayiya ta saba yi da yamma in ta gama aiki. Na ji shi daga kai har wutsiya, na tambayi wanda ya yi. Ta ce, "Baba, Anti Auta ce." Na ce wace Autar? Ta ce Auta nawa muke da su?

To, barka. An ce wata takwas ke nan da kika sayi ɗan na lantarkin nan da ake ɗorawa a kan tebur kamar katakon guga. Ni shekara bakwai nake zaune gaban na gaske, na yayarki, tun da aka share makoki. Malami biyu na sallama, na uku ya sallame ni. Har yau ban kai ƙarshen wannan kiɗa ba. Ba hassada nake yi ba, tambaya ce ta ilimi: injin ne yake kaɗa kansa ke kina ɗora hannu, ko yaya? Ki faɗa mini gaskiya, ba zan gaya wa kowa ba.

Ki gaida yara.

Mijin yayarki

*

Tsoho,

Wa alaikumus salam. Gwiwa da sauƙi, ta gode da tambaya. Yaya naka ciwon, wanda takardarka ta zo da shi?

Da yatsuna goma na kaɗa, kuma na yi kuskure ya fi a ƙirga, kai ne ba ka ji ba don haushi ya toshe maka kunne. Malamata yarinya ce, sa'ar jikata. Na tambaye ta yaushe mutum ke iyawa, ta ce wanda ya zauna kullum ko na ɗan lokaci ne, wata shida ya isa ya kaɗa abin da maƙwabta za su jure. Gwaninta kuwa ta ce ita ma tana hanya.

'Yarka ta ba ni labarin yadda kake yi. Wai da ka zo wani wuri a tsakiya sai ka tsaya, ka yi tsaki, ka koma farko. Wannan halin tela ne, ɗinki ya ɗan karkace a farke duka. Ni ungozoma ce. A aikinmu in kai ya fito ba a cewa a koma a sake.

Ka ci abinci, an ce ka rame.

Autarku

*

Auta,

Gaisuwa, gwargwadon yadda ta samu.

Ashe da magana a ƙasa kuka bar ni ina ta zuba. Jiya 'yarki ta zaunar da ni, ta ce ƙarshen wata zan koma wurinta, hawa benen nan ya fi ƙarfina. Ban musa ba, ni ma ƙafafuna sun gaya mini. Sai ta ce falonta ba zai ɗauki piyano da kujeru ba, gara a kai shi gidan wadda za ta amfane shi. Na ce wa ke nan? Ta kalli silin.

Ɗan hakin da ka raina. Ke da ko murfinsa ba kya iya ɗagawa sai kin kira yaro! Ni nake goge shi kowace safiya. Ni na ɗinka masa riga da hannuna, da aljihu a gefe inda take ajiye tabarau. In na zauna, gurbin da ta bari a kujerar piyanon yana nan, ban yarda an sake mata auduga ba. Yanzu don kin yi wata takwas kina dukan katakon guga, sai a naɗe duka a kai miki?

Na saurari naki sau da yawa, ba don daɗi ba, laifi nake nema. Kina gudu kamar an biyo ki. Hannun hagunki yana tafiya kamar mai ɗingishi. Amma kin kai ƙarshe, abin da ya tsaya mini a wuya ke nan. Jiya a shagon aski yaron ya tambaye ni ko har yanzu ina koyon kiɗan, na ce masa ya kula da kunnena.

Kuma ki daina cewa halin tela. Wurin da nake tsayawa, duk abin da littafin kiɗa ya ce in danna ina dannawa. Malami na uku ya rantse daidai nake yi. Na ce masa ba daidai ba ne, ba haka yake fita a hannunta ba. Ya ce to ni da kunnena mu sasanta, ya ɗauki jakarsa. Shekara arba'in ina jin abu daga ɗakin ɗinki, a ce ban san shi ba?

Na gaya wa 'yarki, in na kai ƙarshe kafin motar kaya ta zo, piyano ya bi ni, kujerunta su nemi wurin zama. Ta yi dariya ta ce ta yarda. Dariyar ce ban so ba.

Ki huta lafiya, in kin iya.

Mai piyano

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Yau ba tsokana na zo yi ba, ko da yake kada ka saba.

Ranar Talata na zo gidanka. Na hau benen nan da gwiwata, na tsaya a bakin ƙofa ina haki, sai na ji ka fara. Ban ƙwanƙwasa ba. Farkon nan naka, wallahi ko malamata ba ta yin sa haka, na ji haushi ƙwarai. Ka zo wurin, ka tsaya, ka koma. Ka sake zuwa, ka sake komawa. A na huɗu na gane abin da kake nema, sai na kasa shiga. Na sauka na zauna a matakala ta ƙasa har mai shagon da ke ƙasan benen ya kawo mini ruwa.

Ka tuna ƙaramin yatsanta na hagu, wanda ba ya miƙewa? Ƙofar mota ce ta datse shi muna yara. A daidai wurin nan littafi yana son yatsan ya miƙa can ƙasa ya taɓo maɓalli mai kauri. Nata ba ya kaiwa. Malaminmu na makaranta ya yi faɗa har ya gaji, ita kuwa ta ce wanda ya rubuta kiɗan bai san da yatsanta ba, matsalarsa ce. Sai take barin wurin fayau, kamar mai jan numfashi, ta wuce.

Kai kuma yatsunka lafiyayyu ne, kana cike mata gurbin. Shi ya sa kunnenka yake ƙi. In ka zo wurin, ɗaga ɗan yatsan, kada ka danna komai, ka ci gaba. Abin da ke bayan nan gangara ce, ka fi ni sanin sa.

Ina son piyanon, ba zan ɓoye maka ba. A kansa muka koyi zama tun ƙafafunmu ba sa taɓa ƙasa, ita ta ci gaba, ni na gudu. Har na auna bangon da zan jingina shi. Na kwana biyu da takardar nan a jaka kafin na aiko.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri da kai.

Auta

*

Auta,

Salamu alaikum.

Na ɗaga yatsan. Na kai ƙarshe. Bayan wurin kurakurai sun fi naki yawa, ban tsaya ba. Da na gama na juya wajen ƙofar kicin, ban san me nake jira ba.

Motar kaya ta zo jiya, piyano ya biyo ni. Kujeru biyu na 'yarki suna baranda, ki aiko a ɗauka, su cike miki bangon da kika auna.

Kada ki ɗauka na huce. Yatsan nan na riƙe shi shekara arba'in, ni nake rage mata safar hannu saboda shi, amma sai da ƙanwar mata ta hau bene ta gaya mini inda yake a cikin kiɗan. Wannan ya fi wata takwas ɗinki ci mini rai.

Me kuma kika sani nata da ban sani ba? Ki rubuto. Ɗaya-ɗaya, ba da gudun nan naki ba.

Ki gaida gwiwa.

Mijin yayarki