Gyaɗar Inna da Maganar Khaula

Toranke, Ƙaramar Hukumar Ajingi,
Jihar Kano.

Zuwa ga Yayana Abdulmuttalib,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Ummu Salma da jaririnku. Allah Ya tsare ku a Fatakwal, Ya sa albarka a ɗinkin da kake yi, Ya raba ka da sharrin baƙunta. Mu nan lafiya lau muke. An gama kaka, gero ya yi kyau, dawa ce dai ta ɗan ba mu kunya saboda ruwan da ya ɗauke da wuri. Kawu Inuwa ya warke daga ciwon ƙafar, har ya koma zuwa kasuwar Ajingi a kan kekensa duk da mun hana shi. Makarantarmu ta yi hutu, shi ya sa na samu zama na rubuta maka wannan doguwar magana, don abin da ke bakina ya fi ƙarfin waya. Ranar da ka kira, ranka a ɓace yake, layin kuma yana yankewa, sai na ga gara ka karanta komai a tsanake.

Ka ce ka ji labari wai ana cewa ƙulin Inna yana da guba, wai kuma an ɗebi jinin 'yarka Khaula ba da saninka ba, don haka a sako maka ita a mota. Yaya, akwai gaskiya a abin da ka ji, akwai kuma ƙarin gishiri. Bari in faro maka daga tushe. Bara bayan an tuge gyaɗa, wasu masu bincike daga jami'a a Kano suka zo ta hannun dagaci. Akwai likita mace, akwai wani injiniya mai suna Hadi, sai wata Malama Hauwa'u wadda aikinta shi ne zama da mata ta ji yadda suke rayuwa da yadda suke yin abubuwansu. Suka ce suna bincike ne a kan wata guba da fumfuna ke haifarwa a jikin gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba. Ido ba ya ganinta, harshe ba ya jin ta, suya ba ta kashe ta, kuma idan ta daɗe tana shiga jiki takan taɓa hanta, ana kuma zargin tana hana yara girma. Suka nemi gidaje masu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ni na karanta wa Inna takardar, ni kuma na sa hannu a madadinka. Na yi haka ne don ka san tun da aka kawo Khaula yaye ba ta taɓa yin jiki ba, kullum cikin laulayi, na ce ko Allah zai sa a gano wani abu. Amma haƙƙinka ne in tambaye ka, ban tambaya ba. Wannan laifina ne ni kaɗai, ka yafe mini.

Sun auna tsawonta da damtsenta, suka ɗebi jini kaɗan, suka kuma ɗebi gyaɗa daga buhunan Inna na sayarwa. Har sun tashi tafiya, Malama Hauwa'u tana hira da Inna a gindin murhu, sai ta tambaye ta ko wannan gyaɗar ce ake ci a gida. Inna ta yi dariya ta ce wa zai ci mai kyau ya sayar da maras kyau? Ta nuna mata ƙwaryar da ke bayan ƙofa, wadda take tara motsattsiyar gyaɗa da fasasshiya da mai baƙi-baƙi, haɗe da ta kala da ake tsintowa a gona bayan an gama tuga. Ta ce da ita take yi mana miya, da ita take dama wa Khaula kunu kowace safiya. Malamar ta roƙi a ba ta cikin tafi ɗaya. Suna da wani ɗan akwati da malaman fiziks na jami'arsu suka ƙera, mai wata irin fitila a ciki da wurin ɗora waya a sama. Da aka zuba ta sayarwa, ba a ga komai ba. Da aka zuba ta ƙwaryar, sai ga wasu ƙwayoyi suna ƙyalli kore-kore a fuskar wayar. Injiniya Hadi ya ce kada mu tsorata tukuna, hasken alama ce kawai, sai an kai ɗakin gwaji za a tabbatar.

Bayan mako bakwai suka dawo da sakamako. Likitar ta zaunar da mu a ɗakin Inna, ta ce gyaɗar sayarwa da ƙulin da Inna ke kai wa kasuwa ba su da wata matsala ta a-zo-a-gani, amma ta ƙwaryar ta wuce ƙima nesa, kuma an ga alamar gubar da yawa a jinin Khaula. Ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce ba za ta iya rantsuwa cewa gubar ce kaɗai ta hana yarinyar girma ba, don akwai zazzaɓi da tsutsar ciki da ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma babu wata allura da ke wanke ta. Maganin shi ne a daina ci, jiki zai rage ta da kansa. Yaya, ban taɓa ganin fuskar Inna kamar ranar ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai dubi tafin hannunta ta ce, "Ashe da hannuna nake ba ta." 

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne motar tasu. Ranar sakamako gidajen da abin ya yi yawa kawai suka shiga, motar kuma ta daɗe a ƙofar gidanmu. Kafin la'asar magana ta zaga gari, kafin ranar kasuwa ta isa Ajingi, wai likitoci sun kama Hansai mai ƙuli, wato Inna, tana sayar da guba. Matar da ta shekara arba'in tana matsar mai, wadda ake aiko mata da galan tun daga Gaya, sai ga shi ana wuce tallanta ana kau da kai. Ta kife kaskon suya, ta jingine turmi. Abinci ma sai na tsaya a kanta take taɓawa. Idan Khaula ta zo tana neman kunu, sai ta tashi ta shige ɗaki. Kusan wata guda muka yi a haka, ni kuma na kasa gaya maka, kullum ina cewa sai gobe.

Ni ce na kira Malama Hauwa'u, na gaya mata magana mai zafi, na ce sun zo sun ɗebi abin da suke so sun bar mana tsohuwa a kwance. Ba ta kare kanta ba. Washegari ta zo a motar haya, ita kaɗai, ta durƙusa gaban Inna ta ce kuskuren nasu ne, da kowane gida suka shiga, da ba wanda zai nuna wani da yatsa. Sannan ta gaya mata abin da ba mu sani ba. Ashe bayan hirarsu ta farko, sai da ta sa aka koma duk gidajen da aka riga aka wuce, a Toranke da Kademi, aka ɗebo gyaɗar da ake ci a gida, ba ta buhu kaɗai ba. Kusan ko'ina labarin ɗaya ne, a sayar da mai kyau, a ci tarkacen. Ta ce da ba don Inna ta nuna mata ƙwaryar nan ba, da likitoci sun ga guba a jinin yara sun rasa ta inda take shiga, don buhunan duk lafiya suke. Ta roƙi dagaci aka tara mata a makarantarmu, likitar ta yi bayani a bainar jama'a, ta kuma faɗa da bakinta cewa ƙulin Inna na cikin waɗanda suka fi tsabta a gwajinsu. Rashin sani ya fi dare duhu, Yaya. Matan da suka yi ta yamaɗiɗi da sunanta, kowacce da irin wannan ƙwaryar a bayan ƙofarta.

Abin da ya fi yi wa Inna wuya shi ne zubar da gyaɗar. An ce kada a ba kaji, kada a ba akuyar da ake tatsa, a binne kawai. Ka san halinta, ko ƙwayar gero ta faɗi sai ta sunkuya ta ɗauka. Kwana uku ƙwaryar tana nan. A rana ta huɗu da hantsi ta ɗauki fartanya da kanta, ta haƙa rami a bayan turken awaki, ta yi bismilla ta juye. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun farko. Da ta share fuska sai ta ce in ɗebo mata daga buhun sayarwa, wadda ta fi kowacce kyau, ta soya ta dama wa Khaula kunu. Tun ranar aka juya tsarin gidan, mai kyau ita ake fara ɗebar wa tukunya.

Da damina ta ƙarato, Injiniya Hadi ya kawo wata na'urar busar da gyaɗa da ya haɗa da kwano da farar leda, mai aiki da zafin rana. An gwada ta da ragowar gyaɗar bara da aka jiƙa. Ta busar kam, amma zafin ya yi yawa, man da aka matsa ya canja ɗanɗano, kuma ƙofarta ta yi tsayin da mace sai ta taka turmi kafin ta zuba. Sauran mata suka ji kunyar gaya masa. Inna ce ta gaya masa a fuska cewa wannan abin ba wanda zai yi amfani da shi idan sun tafi. Maimakon ya ji haushi, sai ya ciro littafi ya zauna a kan tabarma yana tambayarta. Ta ba shi labarin gadon kara da mahaifiyarta ke shanya a kai a Kademi, wanda iska ke shiga ta ƙasansa. Ya tafi ya dawo da wata sabuwa, gajeriya daidai ƙugu, ƙasanta kara da raga, samanta leda mai tagogi biyu da ake buɗewa idan rana ta take. Sau uku yana gyarawa. Bana da aka tuge gyaɗa, gida goma sha biyu suka shanya a irinta, wasu suka shanya a ƙasa yadda aka saba, don a kwatanta. Injiniyan yana zuwa da wani ɗan abu kamar tocila yana auna danshin, har ya koya mini karanta lambar. Sun ce sai sun gama lissafinsu za su faɗi sakamakon duka, amma namu na gida sun nuna mana, kuma bambancinsa da na bara kamar sama da ƙasa.

Yanzu ga labarin da na fi so ka ji. Makon jiya aka sake auna Khaula. Alamar gubar a jininta ta ragu ƙwarai. An ba ta maganin tsutsa, Inna na dafa mata ƙwai da wake da zogale yadda likita ta ce. Har yanzu ba ta kamo sa'o'inta a tsawo ba, likitar ma ta ce wataƙila ba za ta kamo su duka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma tun bayan sallar layya ba ta kwanta ba, kumatunta sun fito, rigar da Anti Ummu Salma ta aiko ta ɗage mata, kuma bakinta ya buɗe har ya yi mana yawa. Masu sayen mai sun dawo, ba duka ba, amma na Gaya sun fara aiko da galan. Ranar Alhamis mai zuwa kuma za a kai Inna Kademi ta nuna wa matan can yadda ake tsince gyaɗa da shanya, ita da ko a gidan biki ba ta iya ɗaga murya.

Maganar a sako maka Khaula, 'yarka ce, hukuncinka ne, ba wanda zai ja da kai. Na gaya wa Inna abin da ka ce. Ba ta yi musu ba, ta wanke kayan yarinyar ta ninke su a jaka, jakar tana nan a kan gadonta. Ni dai roƙona shi ne ka yi shawara da Anti Ummu Salma, idan da hali ka zo da kanka ka gan ta da idonka kafin ka yanke. Akwai awo ɗaya da ya rage bayan wata shida, idan tana nan za a yi mata, kuma likitar ta ce in ba ka lambarta ka tambaye ta duk abin da kake so. Na rubuta ta a bayan takardar nan. Ku ma can ku riƙa duba gyaɗa da masarar da kuke saya, don na ji an ce garinku laima ba ta ƙarewa.

Kawu Inuwa yana gaishe ka, da Gwaggo Hanne, da maigidana, da Barira wadda ta sauka lafiya ta samu mace. Ka gaishe mini da Anti Ummu Salma da kyau, ka shafa mini kan jariri, ka gaishe da abokin zamanka Sagiru. Khaula ta ce a gaya maka tana son takalmi ja.

Da na gama rubutu na karanta wa Inna duka, na tambaye ta ko tana da saƙo. Tana juya carbinta ta ce, "Ki gaya masa da ban sani ba ne. Yanzu na sani. In ya bar mini ita, na gode, in ya ɗauke ta, Allah Ya raya."

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka,
Sa'adiya.