Sunanka a Takardar Kawu

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yaran gaba ɗaya. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da mu. Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna da sauƙi, sai dai kumburin da ke tashi idan ta daɗe a zaune. Baban yara yana nan yana fama da aikin asibiti, ni kuma ina kan keken ɗinkina kamar yadda ka bar ni. Auta ta fara haƙori, ta hana kowa sakat a gidan.

Yaya, na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, don na san halina. Idan raina ya ɓaci murya rawa take yi, in manta rabin abin da zan faɗa, kai kuma ka ce ana jiran ka a wurin aiki. To raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Layin gidanmu da ka sani, wanda kuke buga ƙwallo a tsakiyarsa har Baba ya fito da bulala, ba shi ne yanzu ba. Tun da aka buɗe sabuwar kasuwa, duk direban da ke gudun cunkoson babban titi ta ƙofarmu yake yankewa. Daga safe har faɗuwar rana hon ne da hayaƙi. Teburin yankana yana jikin taga, idan na shimfiɗa farin yadi na je na dawo, sai na kaɗe shi kafin in sa almakashi. Gefen titin da ya kamata a bar wa masu ƙafa kuwa motoci sun hau sun kwanta a kai, dole mutum ya sauka kan kwalta yana raɓe-raɓe kamar ɓarawo. Sau biyu ana ture Baban yara daga kan kekensa. Inna kuma shekara biyu cur ba ta tsallaka ta gaida aminiyarta Maman 'Yan Biyu ba, alhali ƙofarsu na kallon tamu. Ta waya suke gaisawa, suna hango juna ta taga. Likita ya ce maganin ƙafarta tafiya, ita kuwa ta ce ya nuna mata inda za ta taka.

Wata uku da suka wuce hukumar gari ta zo da gwaji. Suka jera manyan tukwanen siminti masu shuke-shuke a bakin layin, suka bar wa mota hannu ɗaya kawai, ita ma a hankali. Suka faɗaɗa wurin masu ƙafa, suka shafa koren fenti suka ware wa kekuna hanyarsu, suka kafa benci huɗu. Da farko ni ma dariya na yi, na ce wasan yara ne, kwana biyu za a kwashe tukwanen a kai gidan wani. Amma gani ya kori ji. A sati na biyu ina cikin ɗinki na ɗaga kai, sai ga Inna a tsakiyar layi da sandarta, ita kaɗai, ba ta ko gaya mini za ta fita ba. Na saki ɗinkin na bi ta da gudu, ta juyo ta harare ni, ta ce in koma bakin aikina, ita ba jaririya ba ce. Daga ranar kullum da la'asar tana kan benci ita da aminiyarta, suna yi wa duk wanda ya wuce sharhi. Kafin wata guda har kantin magani take zuwa da ƙafarta. Babbar 'yata 'Yar Baba ma na daina raka ta makaranta.

Ba zan ɓoye maka ba, hukumar ta yi nata shirmen. Ba su tambayi kowa ba kafin su fara. Ba su bar wurin sauke kaya ba, mai kawo gas sai ya tsaya can bakin titi a turo a baro. Sun ɗora tukunya ɗaya a kan bakin kwata, ruwan sama na farko ya shiga shagon mai aski har idon sawu. Sau uku ina zuwa ofishinsu a kan wannan, kullum injiniyan ya fita. Kawu kuma gaskiya ya ji jiki, wurin wankin motarsa ya yi sanyi, rabin masu zuwa sun koma wani wuri. Na tausaya masa, har na ce masa mu haɗu mu nemi a gyara, a buɗe masa hanya ta bayan layi inda fili yake. Ya ce shi ba gyara yake so ba, a kwashe komai a mayar da titi yadda yake, wai titi na mota ne, mai son yawo ya tafi gona.

Shi ne ya shiga gida-gida da takardar ƙorafi. Da ya zo wurina na ba shi ruwa, na ba shi haƙuri, na ce ba zan sa hannu ba. Bai yi musu ba, murmushi kawai ya yi ya naɗe takardarsa. Ashe ya san inda ya dafa.

Ranar Talatar da ta wuce aka kira taron unguwa a zauren makarantar su 'Yar Baba. Ka san ni ba mai magana a taro ba ce, amma na daure na miƙe, na faɗi labarin Inna da na keken Baban yara. Har an fara tafa mini. Sai jami'ar da ke jagorantar taron ta duba takardun gabanta, ta tambaye ni lambar gidanmu. Na faɗa. Ta ce ai wannan gidan yana cikin waɗanda suka ƙi, mai gidan ya aiko da amincewarsa da ƙorafin a rubuce ta hannun kawunsa, ta karanto sunanka ɓaro-ɓaro. Yaya, da ƙasa za ta tsage da na shige. Wani daga baya ya ce ashe ma 'yar zaman gida ce take ta zuba, aka kwashe da dariya. Kawu yana layin gaba, ko waiwayowa bai yi ba.

Na san yadda aka yi. Ya kira ka ya ce an toshe ƙofar gidan ubanka, idan ka zo hutu ba inda za ka ajiye mota, kai kuma ka ji nauyinsa ka ce to. Amma kai sati biyu kake yi a shekara, wata shekarar ma ba ka zuwa. Mu ne muke shaƙar hayaƙin nan kullum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sunanka ne a takardar gida, ban taɓa jayayya da wannan ba, kuma ban manta da ɗawainiyar da kake yi da mu ba. Amma kira ɗaya ya gagare ka? Ka tambaye ni, ko ka tambayi matar da ta haife ka?

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, ba a ma jira hukunci ba. Washegarin taron aka turo mota ta kwashe tukwanen bakin layi, wai sai an gama nazari. Kafin azahar direbobi sun ji labari. Yanzu koren fentin nan motoci ne jere a kansa, benci ɗaya har an goge shi da bayan tifa ya karkace. Jiya Inna ta yafa mayafinta ta ɗauki sanda, ta tsaya a bakin ƙofa ta fi minti goma tana duban dama da hagu, sannan ta juyo ta koma ɗaki. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Jami'ar ta ce nan da sati uku za su yanke shawara, kuma gidaje za su ƙirga, ba masu surutu a taro ba. Tsakanin masu so da masu ƙi bai fi gida uku ba. Abin da nake roƙonka shi ne ka rubuta musu ka janye sunanka, ka ce kana goyon bayan a ci gaba da tsarin, tare da gyara wurin sauke kaya da kwata da hanyar Kawu. Na sa adireshin ofishin a bayan takardar nan. Kawu zai yi fushi, na sani, amma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma kai yana jin maganarka fiye da tawa. Idan kuma ka ga ba za ka iya ba, ka gaya mini da bakinka, kada in sake ji a bakin baƙuwa a gaban mutane.

Ka gaida Anti da kyau, ka ce ɗinkinta na nan na gama, ina jiran mai zuwa. Ka shafa mini kan Babban Yaya da 'Yar Lele. Baban yara yana gaishe ka, Maman 'Yan Biyu ma ta ce a miƙa gaisuwarta.

Inna ba ta san sunanka na cikin takardar ba, na roƙi kowa kada ya gaya mata. Da ta ga ina rubutu ta tambayi wa nake rubuta wa, na ce kai ne. Ta yi ta sa maka albarka, sannan ta ce in tambaye ka ko can wurinku ana samun takalmi mai taushin ƙasa, irin na masu yawan tafiya. Lamba talatin da takwas take sawa.

Ka huta lafiya.

Ni ce ƙanwarka,
Maman Auta