Tsohon da Ya Ce Lambuna Nasa Ne

Gummi, daren Laraba, cikin rani

Wa ya zo da tsohon nan? Ku da kuka zauna kusa da shi, wa ya san shi?

Yau mu masu lambu mun taru a rumfar albasa, kowa na faɗin inda yake da abin da ke damunsa. Na Zugu ya ce birai, na Bukkuyum ya ce rijiyarsa ta ƙafe. Sai wani tsoho mai jiƙaƙƙen wando ya ce a hankali, "Ni bakin gulbi nike, gindin tsamiya mai kogo. Wani yaro na shigo min kullum yana tuge albasa. Na kusa gajiya."

Aka yi dariya, ban da ni. Lambuna ke nan, gadon Baba! Kafin in buɗe baki babu shi, sai danshi inda ya zauna.

Sai na tuna safiyar da na tarar jigon ban ruwa na lilo shi kaɗai, fangalin albasa cike da ruwan da ban ɗiba ba.

Da na koma gida na ba Inna labari, ta ce, "Bar mishi wurin, ɗana." In bari mu ci mi?

Gobe zan shiga lambun. Amma wanda ya san shi ya tashi ƙofar masallaci ran Juma'a, ya faɗa gaban kowa: mutum ne ko mi?