Ni Ne Na Ɗauki Bashinka, Modu

Zuwa ga abokina Modu,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma miƙo mini za ka yi ka ce in karanta maka, tunda kai da boko sai gaisuwa. Amma ba ni da wanda zai gane maganar nan kamar kai.

Gida lafiya. Matarka Ya Falmata tana nan a unguwar Dawaki da yara. Ta fara sayar da turaren wuta, har matan cocinmu suna saye. 'Yarka Kaltum ta shiga makarantar koyon jinya, kuma ba wanda ya yi mata hanya. Hanyar Biu kuwa har yanzu sai da addu'a.

Ranar da 'yan bindiga suka tare ku a hanyar nan, ba kai kaɗai muka rasa ba. Motar da muka saya tare ta ƙone da bandar kifin da ke cikinta. Ka san kuɗin motar rancen banki ne da sunana, saboda ni ke da fansho. Kifin kuma dillalai ne suka ba ka a kan amana, ba takarda ba shaida.

Ba ka ga jana'izarka ba, bari in ba ka labari. Ina tsaye can gefe, tunda ba zan shiga sahu ba. Kafin a yi maka salla liman ya tambaya ko ana bin ka bashi. Dillalai suka ɗaga hannu. Ya tambaya wa zai ɗauka. Danginka duk 'yan gudun hijira ne, wasu ko tabarma ba su fito da ita daga Borno ba, sai kowa ya sunkuyar da kai. Ban san lokacin da bakina ya ce ni ne ba. Mutane suka waiwayo suna kallon Kirista ɗan Kaltungo ya ɗauki bashin Babarbare. Liman ya karɓa, aka yi maka salla.

Faɗar magana da baki ba wuya. Da banki ya fara aiko wasiƙu, dillalai kuma suna sallama a ƙofata, sai Dauda, ɗan yayar Saratu matata, wanda ya zama lauya, ya zaunar da ni. Ya ce doka ta ba mutum irina dama ya je kotu ya bayyana cewa ya karye. Kotu za ta raba abin da ya rage mini ga masu bina, bayan wani lokaci a sake ni in fara sabuwar rayuwa. Ya ce ba sata ba ce, don irin masifar da ta same mu aka yi dokar. Fastonmu ma ya ce ba zunubi ba ne. Ban ƙi ta tasu ba, Modu, kuma har yau ban ga laifin wanda ya bi wannan hanya ba. Na yarda zan je.

Sai na ga bai kamata Ya Falmata ta ji a bakin wani ba. Na je na gaya mata. Ta ce in yi abin da ya fi mini sauƙi, ni ma ina da yara. Da na matsa mata, ta ce a addininku mamaci yana rataye da bashinsa har a biya ko mai shi ya yafe. Na tambaye ta, in alƙali ya soke fa? Ta ce ita ba malama ba ce, amma ai ba alƙali ne ya ba ka kifin ba.

To ina zan kai wannan? In huta a Gombe kai kana rataye a can?

Na koma na ce wa Dauda na fasa. Na sayar da motata ta hawa. Gidana na unguwar Federal Low-Cost na sa 'yan haya, muka koma ɗaki biyu a unguwar Madaki. Saratu ta yi kuka, sannan ta ɗaure kaya da hannunta. Yanzu keken haya mai ƙafa uku nake tuƙawa. Ɗaliban da na koyar a sakandare sukan shiga su gane ni, wasu su ɓoye fuska don kunya. Ni ban taɓa ɓoye tawa ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk shekarun da muka yi, abokin kasuwanci nake kiranka a gaban mutane, alhali ko ƙanena da muka sha nono ɗaya bai kai ka a raina ba. Me ya hana ni faɗa?

Makon jiya na biya dillali na ƙarshe. Biyu daga cikinsu tun farko sun yafe, sai da na sa suka faɗa a gaban Ya Falmata don ta ji da kunnenta. Na banki yana nan, ban san ranar gama shi ba, amma wannan sunana ke kansa. Kai babu mai bin ka ko kwabo a duniyar nan.

Ka kwanta, ɗan'uwana. Allah ya ji ƙanka.

Naka har mu haɗu,
Bitrus