Talho Ya Haɗe Mu, Takwara

Zuwa ga Kakata, takwarata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin ni'ima inda kike. Ni ce Hadiza, jikarki ta Karofane. Mutanen gida lafiya lau, gero ya yi kyau bana, jar akuyarki ma ta haihu.

Kaka, wani abu ya same mu ni da ke, shi ya sa na rubuto.

Baba Isufu, ɗan'uwan Babana, ya aiko da talho, wayar hannu, daga Abijan. Ya ce ƴaƴansa da aka haifa can ba su san kowa ba, a rubuta musu dangi cikin wata aplikasiyo mai zana zuri'a kamar itace, kowa da reshensa. Da yake na gama aji shida, aka ba ni aikin.

Ban sha wuya ba. Duk sunayen a bakinki na ji su, kina kaɗin auduga a inuwar rumbu, kina jero su kamar waƙa, ni ina gyangyaɗi a kan ƙafarki.

Da na zo kanki sai abin ya rikice. Ke Hadiza Abdu, ni ma Hadiza Abdu, don sunan mahaifinki aka sa wa Babana. Garinmu ɗaya, kuma ban sa mana ranar haihuwa ba tun da ban san taki ba. Aplikasiyon ta ɗauka mutum ɗaya na rubuta sau biyu, ta haɗe mu. Na zama uwar Baba kuma ɗiyarsa. Ke kuma kika bar launin toka na waɗanda suka rasu, kika koma kore cikin masu rai.

Masu amfani da ita suna da gurup, da Faransanci suke magana. Kin san ni, ko baƙo ya shigo bayan zanenki nake ɓuya. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, kafin na aika. Wani ya yi dariyar Faransancina. Wani mutum kuma yana ta faɗa da manyan baƙaƙe, wai an ɓatar masa da mahaifi, masu aikin ba su san komi ba.

Sai wata Madam mai kula da gurup ɗin ta shigo. Ban san ƙasarta ba, fure ne a hotonta. Ta gaishe ni tukuna. Ta ce wa mai dariyar shi ma ya taɓa zama sabo, ta ce wa mai faɗan ta ji zafinsa, ya zauna a duba tare. Tana yi mini tambaya ɗaya ɗaya, in rezo ya ɗauke, layi ya yanke, sai ta jira. Ta ce ba su san ana mayar da sunan kaka haka ba, in koya musu. Ni, Kaka, wai in koya musu.

Da aka gyara, ta nuna mini inda zan danna mu rabu, sannan in rubuta cewa kin rasu.

Ban danna ba.

Nakan hau dutsen bayan gari da yamma in buɗe talho in dube ki kore. Sai in ji kamar kasuwar Buza kika tafi, yanzu za ki ɓullo da ƙosai a bakin mayafi, ki ce, "Takwara, zo ki karɓi kayanki."

Madam ta tambaya ko ya yi. Na gaya mata gaskiya, ina jiran a yi mini dariya. Ba wanda ya yi. Mai faɗan nan ne ya fara amsawa, da ƙananan baƙaƙe. Ya ce shi ma da aka maido masa mahaifinsa ya daɗe bai iya dubawa ba, kada kowa ya gaggauta ni.

Amma in na bar mu haka, ƴaƴan Baba Isufu ba za su taɓa sanin an yi ki ba. Ni kaɗai za su gani a wurinki, kuma ban isa ba.

Don haka nake neman izininki, Kakata. Yau bayan la'asar zan danna. Kada ki ce na kore ki.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya saka wa mutanen nan da alheri, ko da ban san fuskokinsu ba. Ni kuma ya ba hannuna ƙarfi.

Taki mai ɗauke da sunanki,
Hadiza ƙarama